Damen Farko na Gidan Halidu

Ni ce Biba ɗiyar Halidu. An san ni da baki tun ina ƙarama, kuma ban taɓa neman a yafe mini ba. Abin da na fi so a duniya, in an cire uwata, shi ne tumu: a karyo zangarniyar gero tun bai bushe ba, a gasa ta kan garwashi, a murje a tafin hannu, a hure ƙaiƙayi, a watsa baki da ɗuminsa. Ku riƙe shinkafarku da taliyarku. An taɓa aza mini rabin kaza kan shinkafa wajen wani biki a Madawa, na ci don kunyar masu gida, amma hankalina yana gona.

Abin haushin shi ne na girma a gidan da ba a cin tumu. Ƙauyenmu yana gabas da Azarori, kuma kowane gida a cikinsa yara na cika baki da tumu tun gero na nuna, ban da namu. Ga dalili. Kakan ubana bawa ne ga kakan wani mutum mai suna Abdulhamid, masu raƙuma da ke zaune can arewa da Keita. Da anka ce bauta ta ƙare, kakanninmu sunka sauko nan, sunka sare daji, sunka kwashe duwatsu da hannunsu har wuri ya zama gona. Gonar tamu ce, ba wanda ya taɓa yi mana gardama a kanta. Abu guda ne ya maƙale mana. Duk kaka, damen farko da anka ɗaure a gonarmu na gidan Abdulhamid ne, kuma ba mai ɗanɗana sabon gero sai an ɗaure shi an ajiye gefe. Kafin a kai ga ɗaurin dami kuwa gero ya bushe ƙayau, lokacin tumu ya wuce.

Dami guda ba shi talauta kowa, na sani. Yadda ake ba da shi ne ya tsaya mini a wuya. Abdulhamid zai zo ya durƙusar da raƙuminsa ƙofar gida, a shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin iccen bedi. Sai Baba ya cire takalmi, ya cire hula, ya aza gammo, ya ɗauko damen a kansa tun daga gindin rumbu har gaban tabarma, ya sauke, ya durƙusa. Ba a aiken yaro, ba a turo shi a amalanke. Mai gida ne zai ɗauka, kuma a ka.

Ina shekara takwas na karyo zangarniya biyu na gasa bayan garka. Bakina ya tona ni, don baƙin gawayi ya zauna mini har haɓa. Ranar Baba ya doke ni, dukan da bai taɓa yi mini irinsa ba, bai kuma sake ba. Bayan sati uku baƙon ya zo. Ina laɓe jikin danga na ga ya sa sandarsa ya zunguri damen, ya ce, “Halidu, bana ya rame.” Haka ya kira shi, gatsau, alhali Baba ya girme shi da shekara goma. Baba ya ce, “A yi haƙuri, ruwa ne sunka ɗauke da wuri.”

Tun daga ranar na raina ubana, in faɗi gaskiya. Ina son sa, ina kai masa fura gona, ina wanke masa riga, amma in na dubi tsakiyar kansa sai raina ya ɓaci. Da mushe, malaminmu na boko, ya gaya mana a lakwal cewa duk ɗan ƙasa daidai yake da ɗan'uwansa, na kawo maganar gida da zafinta. Baba ya ce, “Ci tuwonki, Biba.” Abin da ya taɓa ce mini kan zancen ke nan, har ya koma ga Allah bana da bazara.

Ni kuma a lokacin ina gida, don mijina ya riga shi da shekara biyu, ƴaƴana mata duk suna ɗakunansu. Yayana Bashiru yana Abijan yana sayar da takalma, shekara shida bai taka garin nan ba. Saboda haka gonar bana ni na shuka ta, ni na yi noman fari da maimai, ni na kori tsuntsaye har muryata ta dushe. Da gero ya nuna na hura wuta tsakiyar gona da rana tsaka, na ci tumu har muƙamuƙina ya yi ciwo. Na ƙullo wani a bakin zane na kawo wa Inna. Ta dube shi, ta kau da kai, ta ce, “Ba a ɗaure ba.”

Da girbi ya zo, ita da kanta ta roƙi maƙwabcinmu Iliya ya ɗaure damen farko ya jingine gindin rumbu. Na yi kamar ban gani ba. Sannan ta sa anka kira Bashiru a salula, anka miƙo mini.

“Biba, dami guda ne fa,” in ji shi. “Ki ɗauka ki ba shi, a rabu lahiya.”

“Kai ne mai gida yanzu, Yaya. Taho ka ɗauka, kanka ya fi nawa faɗi.”

“Ke dai ba ki jin magana. Mi za shi rage miki?”

“Abin da ya rage wa Baba.”

Ya ce rezo, wato layin waya, ba shi da kyau, ba ya ji na sosai. Na ce ai ni ina jin sa tangaran. Sai layin ya mutu.

Inna Zalika ta haura saba'in. Bayanta ya ranƙwafa, gwiwarta ta hagu sai an ja ta take tashi. Ta bari na ajiye salula, ta ce mini cikin sanyin murya, “In ba ki ɗauka, ni ka ɗauka.” Na san ta, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Nan ta kama ni. Ko in aza damen a kaina, ko in tsaya ina kallon tsohuwa tana rarrafe da shi ba takalmi.

Na yi kwana huɗu ina sussuka da shiƙa, na cika buhu da gero tsabtatacce, na ɗinke bakinsa na ajiye a zaure. Inna ta tambaye ni na mene ne, na ce na baƙo ne.

Ranar Alhamis da hantsi Abdulhamid ya iso. Ina ta kasa kunne in ji kukan raƙumi, sai ga kabu-kabu ya tsaya ƙofar gida. Mai babur ɗin, wani magidanci mai furfura a gemu, shi ya riƙe masa hannu ya sauka. Wallahi da a kasuwa na gamu da shi ba zan gane shi ba. Mutumin da nake gani kamar rumbu ina yarinya ya koma kara. Rawaninsa ya koɗe, takalminsa an ɗaure igiyarsa da waya. Mun ji labari dabbobinsu sun ƙare a shekarun fari, ƴaƴansa maza sun tafi Libiya sun bar masa jikoki, amma ji daban, gani daban. Tausayi ya taso mini, na haɗiye shi.

Na shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin bedi, na kawo ruwa, na dama fura da nono mai kauri. Baƙo baƙo ne, ba a ce ɗiyar Halidu ba ta san karɓa ba. Sannan na jawo kujerata na zauna gabansa da takalmina a ƙafa. Ya dubi takalmin, ya dube ni.

Munka gaisa. Ya yi wa Inna ta'aziyya, ya yi addu'a mai tsawo, munka shafa. Sai ya ce, “Allah shi jiƙan Halidu. Bai taɓa sa ni jira ba.”

Na ce, “Amin. Baba Abdulhamid, ga buhu can a zaure, gero ne sussukakke, ya fi dami nesa ba kusa ba. Kai tsoho ne, kai baƙona ne, kuma mun ji abin da ya sami dabbobinku. Na ba ka shi don Allah. Mai babur shi ɗaura maka. Amma ɗaukar dami a ka, wannan an gama shi a gidan ga.”

Ya ajiye ƙwaryar fura a hankali. Ya ce, “Ɗiyata, ban zo bara ba. Na zo karɓar abin gidanmu.”

“Abin gidanku yana gidanku. Nan gidan Halidu ne.”

“Uban ubanki bai yi gardama ba. Ubanki bai yi ba.”

“Su sunka sani. Ni na yi.”

Bai ɗaga murya ba, ni ma ban ɗaga ba. Sai na ji motsi bayana. Inna ce ta dafa bango ta miƙe. Ta tuɓe silifas ɗinta ta jera su, ta naɗe tsohon ɗankwali ta yi gammo, ta nufi rumbu tana jan ƙafa. Ƙasar ta yi zafi, ina ganin yadda take ɗage yatsu. Ta isa, ta sunkuya ta kama igiyar damen da hannu biyu ta ja. Ko motsi bai yi ba. Ta sake ja har jijiyar wuyanta ta fito. Na waiwaya in ga ko tsohon zai ce ta bari. Yana zaune yana jira.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na je na kwantar da damen ƙasa, na haye kansa na zauna, na harɗe hannu.

“Tashi, Biba,” in ji Inna.

“Ba ni tashi.”

“Ni na haihe ki. Na ce ki tashi.”

“Inna, in kin ga dama ki yi mini baki, in ɗauki abina in tahi da shi kabari. Amma ba ki ɗaukar wanga dami ina numfashi.”

Na faɗa ne da ƙarfin hali kawai. Ba abin da nake tsoro a duniya kamar bakin uwa. Ta ɗaga hannu, na runtse ido. Na daɗe ina jira, ban ji mari ba, ban ji magana ba. Da na buɗe ido tana tsaye gammo a hannu, tana kallon wani wuri bayan kaina.

Abdulhamid ya dogara sanda ya miƙe. Ya gyara rawani ya rufe bakinsa, ya ce wa mai babur, “Mu tahi.” Sun zo wucewa ta zaure mai babur ya tsaya kan buhun. Ya dawo da baya ya ce mini ƙasa-ƙasa, “Baiwar Allah, gidansa jiya ba a aza tukunya ba. Ku daidaita mana.”

Na ce, “Ga shi nan, ɗauka ka ɗaura.”

Ya sunkuya zai ɗaga, tsohon ya ɗora sandarsa kan buhun ya ce, “Bar shi.” Haka sunka tafi, babur ba kaya. Na ji zafin abin har cikin raina, don jikokinsa ba su yi mini kome ba. Buhun yana nan zaure har yau, duk ranar da ya aiko a ba shi zan ba shi.

Inna ta zame ta zauna ƙasa gindin rumbu. Na kawo mata takalmi, ba ta saka ba. Na kawo tuwo da azahar, ba ta taɓa ba. Ni kuma na kasa nisa da ita, ina ta kai da kawo ina jiran hukuncina. Sai da la'asar ta yi sanyi ta ce in zo in zauna.

Ta ce, “Kin san abin da ubanki ka yi duk ranar da mutumin ga za shi zo?”

Na ce, “Na sani. Cire hula.”

“Rufe mini baki ki ji. Tun ya sallame asuba shika zagayawa bayan ɗakina shi tsaya, shina koyon magana. ‘Ga hatsi na ba ka don Allah, amma ba ni ɗauka.’ Shi hwaɗa, shi sake hwaɗa, wani lokaci da ƙarfi, wani lokaci da lallashi, shina neman wadda ta fi. Ni ina ciki ina ji. Shi fito shi ce mini, ‘Zalika, bana kam an gama.’ In ce Allah shi sa. Da ya ji raƙumi ƙofar gida sai in ga ya sunkuya shina kwance takalmi. Shekara arba'in da ɗaya muna haka. In baƙon ya tahi, kwana uku ba shi iya duban idona.”

Shekara talatin da bakwai ina zaton mutumin nan bai ma san an taka shi ba. Ashe ya fi ni sani.

Na ce, “To Inna, tunda kin san haka, don mi kinka tashi ɗauka yau?”

Ta jima tana murza gammon nan a cinyarta. Sannan ta ce, “Don in ni ma na ɗauka, ba a cewa shi kaɗai ne ya kasa.”

Na kifa kai a gwiwarta mai ciwo na yi wa Baba kukan da na hana shi ranar jana'izarsa, ina roƙon ya yafe mini rainin da na yi masa. Inna ba ta yi mini baki ba, ba ta kuma ce na kyauta ba. Amma ko yau anka maida ni wannan hantsi, kan damen zan sake zama.