Kunnen Bakanike

Shekara arba'in Baba ya yi yana kasa kunne a jikin injin mota, sai ga shi rana tsaka 'ya'yansa sun yanke masa hukuncin kurumta. Dalilin ma bai taka kara ya karya ba. Sau biyu babban ɗansa ya yi masa magana a gareji bai amsa ba, shi ke nan aka ce kunne ya tafi, a rufe gareji, tsoho ya zauna a gida ya huta. Ba wanda ya tsaya ya tambaya ko maganar ce ba ta cancanci amsa ba.

Hutun nan da 'yarsa Auta ta gayyato shi ƙasar da take aikin jinya, Baba ya san da biyu aka shirya shi. Ita aka ɗora wa aikin lallashi, har ta karɓo masa ranar ganin likitan kunne, Litinin mai zuwa. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don in aka raba shi da garejin nan bai san me zai tashi ya yi da safe ba.

Ran Asabar mijin Auta ya kwashe su zuwa wani tafki a bayan gari, inda mutane ke zuwa kallon tsuntsaye. Surukin nan mutumin kirki ne, illarsa ɗaya: in zai yi wa Baba magana sai ya ɗaga murya, ya riƙa rarraba kalmomi kamar mai koya wa jariri magana. Ya zo da madubin hangen nesa, da ɗan littafin rubutu, da waya wadda in an nuna mata hoton tsuntsu take faɗin sunansa.

Suka zauna a wata rumfar katako mai doguwar taga siririya. Suruki ya rubuta agwagin ruwa iri uku, ya rubuta zalɓe. Can ya ɗauki hoton wani ɗan tsuntsu ruwan ƙasa a cikin ciyayin bakin ruwa, waya ta ba shi suna, ya ce wannan ai cike suke da wurin, ba abin kallo ba ne. Baba dai idonsa ba ya kai nan, bai kuma damu ba. Ya rufe ido yadda yake yi in an kawo masa mota mai ciwon ɓoye.

"Ba iri ɗaya ba ne," ya ce.

Ya yi musu bayani. Na hagu, masu yawan, kukansu ɗaya ne suke ta nanatawa, kamar tsohon inji da aka bari a kunne. Amma akwai guda a dama, cikin wancan ɗan kurmin, shi ba ya zama a giya ɗaya, kuma rabin kukansa na aro ne. Ya rantse ya ji muryar tsuntsun da ke zama a bishiyar bayan garejinsa a bakin wannan ɗan banzan.

Auta ta dubi mijinta, mijin ya dubi ƙasa. Ta dafa hannun mahaifinta ta ce, "Baba, kewar gida ce. Kuma in kunne ya fara, mutum yakan ji abin da babu."

Wannan tausayin ya fi zagi ciwo. Baba ya kafe sai an kira masa wata mata mai koriyar riga, ma'aikaciyar wurin. Ta zo, Auta ta fassara mata, tana haɗawa da ban haƙurin da ba wanda ya aike ta. Matar ta tsaya ta saurara. Ba komai sai iska da hayaniyar na hagu. Amma Baba ya riga ya lura ɗan tsuntsun yakan ɗan tsahirta kafin ya sake tashi. Ya ɗaga yatsa, ya jira, ya nuna kurmin.

"Yanzu."

Tsuntsu ya ɓarke da kuka, ya hau ya sauka, ya ari wannan murya ya yar, ya ɗauki wata.

Matar ta kasa kunne har ya gama. Sannan ta buɗe littafinta ta nuna musu hotunan tsuntsaye biyu kamar an tsaga kara. Ta ce hoto kan ruɗi mutum a kansu, murya ce ke raba su. Na biyun yana kwaso kukan wasu tsuntsaye ne a ƙasashen da yake ƙaura zuwa in hunturu ya shigo, can nahiyar su Baba, kuma shekara shida ke nan ba a ji shi a tafkin nan ba. Ta yi magana a rediyon hannunta, kafin a jima rumfa ta cika da masu manyan kyamarori, kowa sai raɗa yake yana tambayar wa ya gano shi. Ta tambayi Baba shekara nawa ya yi yana nazarin tsuntsaye. Ya ce tun ƙarfe tara na safe.

Suruki ya soke abin da ya rubuta, ya gyara, ya nemi Baba ya sake kwatanta masa bambancin, wannan karon da muryar mutane. Baba ya kwatanta masa dalla-dalla, daɗi fal cikinsa, ya ƙara masa da kyauta cewa tayar gaban motarsa ta hagu tana kuka tun daga filin jirgi.

Auta ta fita ta tsaya can bakin wata gadar katako, ta juya baya, ta kira yayanta. Ta rage murya sosai, tana ce masa sun yi kuskure, a bar wa Baba garejinsa, amma zuwa wurin likita kam sai an yi dabara kada ya ƙi.

Baba bai ko waiwayo daga taga ba.

"Ba sai an yi dabara ba, Auta, zan je," ya ce. "Ki dai gaya wa yayanki ya buɗe gareji da wuri ran da zan sauka."