An Rufe Fuskar Ambai

"Mama, sake ɗaga rigar. Haske bai faɗa kan tabon ba."

Kaupa ne ya faɗa, idonsa na cikin kyamara. Ambai, matar marigayi yayana, ta dube ni. Na gyaɗa mata kai. Ta ɗaga a karo na uku, ta juya masa bayan da aka gasa da jan ƙarfe a ƙauyenmu da ke tsaunukan Simbu, ranar da dangi suka ce mayya ce, ita ta cinye zuciyar mijinta. Wata bakwai ke nan tana ɓoye a ɗakina a garin Madang, can bakin teku. A gida an ɗauka ta mutu a daji.

Ni na kawo mata Kaupa. Ina da shekara arba'in da shida na shiga jami'a karatun aikin jarida, bayan shekara ashirin ina sayar da dankali a kasuwa. 'Yan ajinmu Anti suke ce mini, suna dariyar yadda nake danna kwamfuta da yatsa ɗaya. Da malaminmu Dakta Yagas ya ce ɗalibai su haɗu bibbiyu su kawo fim na minti biyar, ba wanda ya ko kalle ni, sai da na ce na san wata da aka ƙona kan maita. Nan take Kaupa ya jawo kujerarsa kusa da tawa.

"Yaya, ba mai gane ki," na ce mata. "Za a rufe fuska, a canza murya, a canza suna. Haka aka koya mana."

"To, ai ke kika yi boko," ta ce.

Kaupa ya ce bangon ya yi fili da yawa. Ya ciro bilum ɗinta, jakar da ta saƙa da hannunta, ya rataye a bayanta. "Don a ji ƙamshin gargajiya," in ji shi. Na gani. Hankalina yana kan makin da za mu samu.

* * *

Ranar da aka haska fim ɗin, ajin ya cika har da 'yan wasu sassan. Da bayan Ambai ya fito a allo, wani daga baya ya ce, "Kai, wannan ai gasasshen alade ne!" Aka yi dariya, wata yarinya ta ce masa ba shi da tarbiyya, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

Dakta Yagas ya miƙe. "Kun ga yadda ake kare majiya? Fuska babu, murya babu, suna babu." Ya ce tun da safe ya sa an ɗora shi a shafin intanet na sashen.

Ni kuwa jakar nake kallo, tana rataye tar a saman dusasshiyar fuskar. A wurinmu mace tana gane saƙar 'yar'uwarta kamar yadda take gane tarinta ta bayan bango. Kuma duk ƙauyenmu, Ambai ce kaɗai ke katse rawayan zare sau uku, ɗaya ga kowane ɗa da ta binne.

Na bi shi har ofis. "Malam, don Allah a sauke fim ɗin nan."

"Me ya fito, Anti?"

"Jakarta."

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Shi mutumin bakin teku ne, bai san mutanen tsaunukanmu ba. "Jaka nawa ce a ƙasar nan? Kada ki zubar da aikinki saboda tsoro. Na ma tura shi gasa."

Sai na ce masa na gode, na fito. Wannan godiyar har yau tana maƙale a wuyana.

* * *

Kwana huɗu bayan haka na shiga kasuwa, sai tsohuwar maƙwabciyar rumfata ta ja ni gefe. "Ke 'yar boko, mutanenku biyu sun zo suna tambayar gidanki. Suna nuna hoto a waya. Ba ma mutum ba ne, jaka ce."

Ban sayi komai ba. Kafin rana ta yi tsaka na saka Ambai a motar da ke bin gaɓar teku ta arewa, inda wasu matan coci ke karɓar irinta. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Da direba ya tayar da mota ta leƙo ta taga.

"Kin dai ci jarrabawar?"

Na ce na ci.

"To, madalla."

* * *

Ranar Litinin Kaupa ya tare ni a ƙofar aji yana haki.

"Anti! Mu ne na ɗaya a gasar! Kuma na ji an biyo ta, ta gudu, haka ne? Dakta ya ce wannan shi ne asalin labarin, mu bi ta mu ɗauko. Ina kika kai ta?"

Har ya buɗe littafinsa, ya cire murfin biro da haƙori yana jira. Na kawar da kai. A gindin bangon ajin wani ya tofar da jan miyau irin na masu cin goro, bai gama bushewa ba, ƙudaje sun yi layi a kansa suna sha.