Sunan Abba a Ƙarƙashin Takalma

Ni ba mai saurin fushi ba ne, kowa a garinmu Shujabad zai gaya maka. Mai tuƙin alewa ba ya gaggawa. Awa biyar kana tsaye a kan kasko da muciya, in ranka ya ɓaci sai ta kama. Amma ranar nan na yi fushin da har yau bai gama sauka ba.

Shagonmu na alewa yana kallon tashar mota. Abba ne ya buɗe shi, sunansa ne a kan allon kwano da ke saman ƙofa: Allah Wasaya. Shekara talatin allon yana nan, tsatsa ta ci gefensa, shuɗin fentin ya koɗe. Abba ya rasu bara waccan, ya bar mu biyu, ni Sajawal da yayana Murid, wanda nake kira Lala. Lala ya yi karatu har kwaleji, shi ke zama a gaban shago. Ni a aji uku na tsaya, wurina baya ne, gaban wuta. Karatuna kaɗan ne, amma wannan sunan ko a juye na san shi, don da shi Abba ya koya mini baƙaƙe, ina kan kafaɗarsa yana nuna mini da yatsa.

Da wani sabon mai alewa ya buɗe a bakin tasha ya kafa ƙaton allo mai fitila a ciki, Lala ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ce dole mu ma mu yi namu, na leda, wanda inji ke bugawa. Dama ya taɓa gwadawa. Da ƙaramar Sallah ya buga wata doguwar leda da sunan shago ya rataya a kan titi, guguwar bazara ta zo ta yi gaba da ita. Na ce a nemo ta, ya ce, "Leda ce fa, Sajju. Ta gama aikinta."

Ranar Talata ya ce in same shi wajen Tanwir mai buga alluna, in ga zanen da aka yi. Ba shawarata yake nema ba, so yake in riƙe masa igiyar awo. Na bi ta bayan tasha don ya fi kusa. Akwai wani tsoho a wurin da ke sayar da takalman gwanjo, ya baza su a ƙasa a kan shimfiɗa. Na wuce har na yi taku uku, sai ƙafata ta ƙi gaba. Na juyo.

Shimfiɗar ledarmu ce. Ga hoton alewar nan, rana ta cinye launinsa. Ga kuma alif, ga lam biyu, ga ha. Wani baƙin takalmi mai tsini na zaune daidai a kansu, wani mai saye kuma ya ɗora ƙafa ɗaya a kan Wasaya yana gwada silifa.

Ban san lokacin da na ture mutumin ba. Na fizgi ledar, takalma suka watse har cikin kwata.

"Kai! Kai! Mahaukaci ne?" in ji tsohon, yana rarrafe yana tattara kayansa.

"Kai ne mahaukaci! Da furfurarka! Ba ka ga abin da ke rubuce ba?"

Ya dubi ledar, ya dube ni. "Ɗana, ni ban iya karatu ba. A juji na tsince ta. Mene ne a jiki?"

Na gaya masa. Sai ya saki takalmin da ke hannunsa, ya kama kunnuwansa biyu yana ta tuba, yana astagafirullah, idonsa ya kawo ruwa. Ya cire rawaninsa ya fara goge wurin. Wata uku, ya ce, wata uku yana zaune a kai. Nan kunya ta rufe ni. Na shiga kwatar na tsamo masa takalmansa ɗaya bayan ɗaya, na ce, "Baba, ka yafe mini, ba kai ne mai laifin ba." Na naɗe ledar na rungume ta, na nufi wajen mai laifin.

Na tarar da Lala da Tanwir gaban kwamfuta suna shan shayi. Na warware ledar a kan teburin Tanwir, sawun takalma duk a jiki.

"Lala, ka gane wannan?"

"Wane juji ka kwaso mana?"

"Daga juji ta fito kam. Daga nan ta koma ƙarƙashin takalman gwanjo. Duba nan. Kai da ka yi kwaleji, karanta mini."

Ya duba. Fuskarsa ta canza, na gani, amma a gaban Tanwir ba zai nuna ba. Ya ce, "To ni na taka? Iska ce ta ɗauka."

"Ita wannan sabuwar da za ka buga, iska ba ta san hanyar gidanmu ba ne? Tanwir, tsakaninka da Allah, shekara nawa ledarka take yi?"

Tanwir ya sosa ƙeya. "Biyu. In rana ta yi mata adalci, uku."

"Daga nan fa?"

"Daga nan a sauke a sa sabuwa. Tsohuwar kuma masu amalanke na so, masu awaki na so, rufin ɗaki mai kyau ce." Ya ga yadda nake kallonsa, ya yi sauri ya juya ga kwamfutarsa. "Ai wannan ba matsala ba ce, Malam Murid. Yanzu ba a yayin dogon suna. Duba."

Ya danna wani abu, sunan Abba ya ɓace. Haruffan Turanci biyu suka fito, ja a kan rawaya, manya kamar ƙofar gari.

"A.W.," in ji shi. "Gajere, na zamani, daga nesa ana gani. Kuma ko jaki ya kwanta a kai babu zunubi."

Lala ya tafa hannu. "Shi ke nan! Ka ji? An cire sunan Allah, ba mai takawa. Hankalinka ya kwanta?"

"An cire sunan Abba dai."

"Sajju, me kake so ne wai? A sa suna, ka ce za a taka. A cire, ka ce an cire. In bar wancan ruɓaɓɓen kwanon da ko kaza ba ta gani, mutumin can ya kwashe mana fasinjoji?"

"Abba bai taɓa zama A.W. ba. Wa ya taɓa ce masa A.W.? Kamar lambar mota!"

"Koma wajen kaskonka. Harkar gaban shago ba ta 'yan aji uku ba ce."

Tanwir ya yi dariya kaɗan, ya haɗiye. Na naɗe ledata na fita. Ban koma tuƙi ba. Na je na jingina muciyar da bango, na yayyafa wa wutar ruwa, na hau sama wajen mahaifiyarmu, wadda muke kira Amma.

Tana tsince shinkafa. Na shimfiɗa mata ledar a kan gado, na gaya mata komai. Ita ma ba ta karatu. Ta ce in nuna mata inda sunan yake, na ɗora yatsanta a kai. Ta daɗe tana shafa sawun takalmin. Da Lala ya hawo da la'asar yana faɗa, wai me ya sa wuta a mace, ga alkama an jiƙa, ga madara za ta lalace, Amma ba ta ɗaga murya ba.

"Murid, shekara arba'in na zauna da ubanku. Ka taɓa jin sunansa a bakina?"

Ta ci gaba da cewa:

"Ban taɓa faɗa ba, ko sau ɗaya, don girmansa. Uban Murid nake cewa. Kai kuma da nake kiransa da sunanka, kai ka rataya shi a titi kamar wanki."

"Amma, ai shi ya sa zan cire..."

"Ka yar da shi a ƙasa, yanzu kuma za ka yanka shi biyu. Sannu da ƙoƙari."

Ya sauka yana buga ƙafa. Washegari ya ɗauki muciya da kansa. Daga sama nake jin ƙaurin. Raina ya yi ta ciwo saboda man shanun da ke ƙonewa, amma ban sauka ba.

Gaskiya ita ce maganarsa ɗaya ta tsaya mini a wuya. Allon kwanon ba a ganinsa, wannan haka ne. Don haka na tafi na hau motar Multan, na zauna gefen taga, na sauka a gadar farko, na hawo wata mai dawowa. Sau huɗu na yi haka. Kwandasta ya ce, "Ɗan Allah Wasaya, ka bar alewa ka koma yawon shan iska?" Ni dai ido na sa, ina duba abin da fasinja ke gani in mota ta karyo kwana.

Ashe ba ya ganin ƙofarmu sam. Motocin da ke lodi sun tare ta, bishiyar dalbejiya ta rufe saura. Ko allon mutumin can mai fitila, sai ka sauka kake ganinsa. Abin da ke tsaye fili tun daga kwana shi ne bangon ɗakin Amma na sama, fari fat, ba komai a jiki sai bututun ruwa.

Rana ta uku na sauko na tsaya a gaban Lala. Hannunsa duk ƙuna.

"Zo mu hau mota."

"Ba ni da lokacin shirme."

"To ni ma ba ni da lokacin tuƙi."

Ya zo, yana huci. Muka hau, muka je gada, muka juyo. Da muka karyo kwana na ce, "Nuna mini inda A.W. ɗinka zai zauna." Ya leƙa, ya miƙa wuya, ya sake leƙawa. Sai bayan wata motar Bahawalpur yake gani.

"Yanzu ɗaga kai."

Ya ɗaga. Ya daɗe yana kallon bangon.

"Fenti a jikin bango," na ce. "Cikakken suna. Iska ba ta ɗauka, ba mai shimfiɗawa, ba ƙafar da za ta kai can. In ya koɗe a sake bi."

"Aikin ƙauye," in ji shi. Can kuma ya ce, "Bututun nan zai raba rubutun."

"A matsar da shi."

Ustad Faiz Bakhsh, tsohon da ya rubuta allon kwanon tun ina ciki, shi ya hau tsani. Kwana biyu ya yi. Kowane harafi ya kai tsayina, shuɗi a kan fari. Da ya zo kan alif sai da ya sauko ya sake alwala. Amma na zaune a ɗaki tana jin motsin burushi ta bayan bango, ta hana kowa magana.

Lala bai janye duka ba. Ya buga A.W. ɗinsa, ƙarami, mai fitila, ya maƙala a saman ƙofa inda allon kwanon yake da. Na ce ba komai, wannan ko awaki sun kwana a kai ba ruwana. Allon kwanon yana ɗakin Amma, saman kabad. Ledar kuma na yanke wurin sunan da almakashi, na wanke shi da ruwan wardi, na kai akwatin masallaci inda ake ajiye takardu masu tsarki. Sauran na mayar wa tsohon mai takalma, da ƙullin alewa.

Na koma kan kaskona. Ni da Lala muna magana, amma iyakarta sukari ya ƙare, madara ta zo. Maganar aji uku bai janye ta ba, ni ma ban manta ba. Jiya wani fasinja ya shigo da jakarsa, ya ce tun daga kwana ya hango sunan. Ya dubi saman ƙofa ya ce, "Shi wannan A.W. ɗin ɗan haya ne kuka saka?"

Lala ya auna masa alewa. Ni kuma ina baya, na ci gaba da tuƙi.