Iccen Wankan Safi

Manzo ya sauko daga kamyon Agadas, babbar motar kaya, a tashar Tawa, kakinsa ya sha guga, kansa ya sha aski. Hutun da aka ba shi gajere ne, ran Lahadi da hantsi kamyon zai koma, kuma da shi a ciki. Abu guda yake so, ya ga matarsa Safi. Ya baro ta ko amai ba ta fara ba, yanzu an ce haihuwa yau ko gobe.

Da ya isa gida ya tarar da ɗakinta a kulle.

"Ta tahi goyon ciki," in ji uwarsa. "Cikin hwari ne, ko bariki ta mantad da kai? Tana Barmu, gidansu."

Ran Asabar ya isa Barmu, ya tsaya ƙofar gidan surukansa ya rasa ta yi. Namiji ba ya kutsa kai can don kawai ya ga matarsa, sai gari duka ya ɗauka. Amma iccen da za a dafa ruwan wankan jego, wannan a wuyan miji yake. Sai ya ari gatari da jaki, ya shiga daji, ya yo kaya.

Ya ɗauko dami guda ya yi sallama. Hajaratu, uwar Safi, tana tuƙin tuwo. Da jin muryarsa ta saki muciya, ta ja zane ta rufe kai, ta faɗa ɗaki, don mijin ɗiyarta ta fari ne, ba ta haɗa ido da shi. Manzo ya aje iccen a hankali, ya saci kallo. Bayan asabari ya hango gwiwar hannun Safi. Ita ke nan.

Da ya fito sai ya dubi sauran kayan, ya yi tunani irin na bariki. In dami guda ya ba da gwiwar hannu, to a rarraba.

Ya koma da rabin dami, ya ga kunne. Ya koma da reshe, ya ji tari. Duk shigar sai ya yi sallama da ƙarfi kamar ana kiran suna a fareti, duk sallamar kuwa sai Hajaratu ta saki muciya ta ruga.

Isufu, kawun Safi, yana zaune a dakalin ƙofa yana tufkar igiya. Da ya ga abin da Manzo ya riƙo wannan karon sai ya aje igiyar.

"Soja, wanga icce na ko asuwaki?"

"Icce na, Kawu. Na hura wuta."

"To Allah shi ba da lada. In ya ƙare ga tsintsiya nan."

Tuwo ya yi gudaji, ya kama, ƙauri ya cika gidan. Hajaratu ta taka ludayi ya fashe, takalminta guda ya tsaya bakin murhu. Da Manzo ya sake sallama, sai muryarta ta fito daga ɗaki tana haki. Ba shi ta kira ba, ina! Akuyar da ke ɗaure a turke ta kira.

"Ke akuya! Gaya ma mutumen nan shi samu wuri shi zamna. Ki ce ma waccan ta hito shi gan ta, ni in gama abincina."

Akuya ta ci gaba da tuƙa. Manzo ya zauna kan turmi.

Safi ta fito, cikin ya riga ta fitowa, hannu guda a ƙugu. Ta dube shi sama da ƙasa, ga tsinke har yanzu a hannunsa.

"Kai, haka gwamnati ta aske ka? Kamaƙ ƙwarya!"

Ta fashe da dariya har ta dafe ciki ta jingina da bango.

"Akuya!" Hajaratu ta sake ƙwalawa. "Ce mishi kash shi ba ta dariya, ungozoma ta tahi kasuwa!"

Manzo ya gyara zama, ya ɗaure fuska, ya aza hannaye bisa gwiwa. Haka ya zauna yana kallon matarsa har aka kira magariba.