Amfilifayar Baffa

A shekarar da sojoji suka ce za su miƙa mulki ga farar hula, 1979, babu mai gyaran rediyo a Ƙofar Wambai da ya kai Baffa sanin kwalba, wato waɗannan fitilun gilashi da ke yin ja a cikin tsofaffin rediyoyi. Da gawar rediyo uku ya haɗa wa Ilu mai jita amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti. Wata biyu ya yi yana liƙa dalma.

Ranar da ya miƙa ta, ya zaunar da Ilu ya yi masa bayani. "Muryar jitarka ƙarama ce. Kwalba ta farko ta ɗaga ta kaɗan, ta miƙa wa ta biyu, ita ma ta ƙara, sannan manyan nan biyu su tura ta lasifika. Mamurɗin farko shi ke auna abin da ta biyu za ta karɓa. In ka ɗura mata fiye da cikinta, sauti zai dakushe. Na biyun kuma ƙara ce kawai. Kada ka ƙure su tare."

Ilu ya kiyaye. Duk bikin da ya je, sai an tambayi inda ya samo ta.

Ana cikin haka sai Alhaji Shehu, mai shirya wa wani ɗan takara taro a Gwammaja, ya aro ta don jawabi. Ilu ya gaya masa abin da Baffa ya ce, Alhaji ya ce ya ji. A wurin taron ya jona makirfo, ya murɗe duka biyun har ƙarshe, don a ji su har Dala. Lasifika ta yi ta kuwwa, mutane suna toshe kunne, har hayaƙi ya tashi. Alhaji Shehu ya hau kan benci ya ce wa jama'a, "Ku yi haƙuri, haɗin gida ne! Wani mai kwaikwayo ne ya harhaɗa tarkace."

Kafin la'asar maganar ta iso kasuwa. Da Ilu ya kawo amfilifayar, Baffa ya buɗe ta, ya ga tiransifomar da ya naɗa da hannunsa ta zama gawayi.

Bayan mako biyu sai ga Alhaji Shehu da kansa, an ɗauko masa wata ƙatuwar amfilifaya mai tambarin Ingila, wadda ya sayo a Legas. Ita ma ta yi shiru a tsakiyar jawabi.

"Malam Baffa, a duba mini. Amma a yi a hankali, wannan ba irin taku ba ce."

Baffa ya kwance bayanta, ya bi wayoyin da ido. Sannan ya jawo wani tsohon littafi na masu ƙera kwalba daga ƙarƙashin tebur, ya buɗe wani shafi da ya sha yatsa.

"Alhaji, matso. Ka ga zanen nan? Ga shi a cikin taka, waya da waya. Ga shi a cikin tawa da ka ƙona. Masu yin kwalba ne suka buga shi tun kafin a haifi Ilu, don kowa ya yi aiki da shi. Bature ya kwafa, ka kira shi injiniya. Ni na kwafa, ka hau benci ka kira ni mai tarkace!"

"Ai maganar taro ce, Malam."

"A taro ka ɓata ni. Kuma abin da ya kashe waccan shi ya kashe wannan: hannunka."

Maƙwabta sun fara taruwa. Alhaji Shehu ya rage murya, ya ce jibi akwai babban taro.

"In ka koma Gwammaja ka faɗa wa mutanen nan wanda ya ƙona ta, zan gyara."

Alhaji Shehu bai koma ba. Ya sa aka kwashe kayansa aka kai Sabon Gari, inda wani ya cire kwalaben ya cusa kayan zamani. Baffa ya shafe kwana tara yana sake naɗa wa Ilu tiransifoma. Har aka rantsar da sabuwar gwamnati, wasu a Gwammaja ba su daina kai rediyonsu wani wuri ba, kuma ko sunan Alhaji Shehu aka ambata a rumfar Baffa, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya sake ba da labarin tun daga farko.