Tambaya Ɗaya a Tsafe

Da an bar Mahadi ya zaɓa, ƙaramar mota marar shan mai zai ɗauka ya rufa wa kansa asiri. To, ba a tambaye shi ba. Surukinsa ne, Alhaji Yari na Tsafe, mai manyan motocin dakon hatsi, ya aiko masa da ita kyauta bayan Hafsatu ta haifi ɗansu na fari. Ja ce wur, 'yar Jamus mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa da ita kamar za ta lashi kwalta, in aka taka ta a Tudun Wada sai an jiyo a Sabon Gari. Direban da ya kawo ta ya miƙa makulli, ya miƙa saƙo: "Alhaji ya ce a hwaɗa maka motag ga ba ta buƙatar komi sai mai."

Jihar Zamfara ba ta cika shekara biyu ba a lokacin. Mahadi na cikin ma'aikatan gona da aka dawo da su Gusau daga Sakkwato, kuma duk ofishinsu shi kaɗai ne mai irin wannan mota. Ya ji daɗi, ba ƙarya. Amma mutum ne mai tsoron hanya, don haka washegari ya kai ta wurin Sama'ila.

Sama'ila mutumin Zuru ne, benci ɗaya suka zauna da Mahadi a sakandare. Garejinsa na bakin hanyar Zariya, ba allo, ba fenti, sai dalbejiya biyu da ramin shiga ƙarƙashin mota. Sunansa ne allonsa. A tasha cewa ake motar da Sama'ila ya duba ba ta kwana a daji, kuma da wannan maganar yake ciyar da matarsa Rut da 'ya'yansu huɗu. Hatta manyan motocin Alhaji Yari a nan ake yi musu aiki. Wannan jar ce kawai bai taɓa buɗewa ba, don can Kaduna Alhaji yake kai ta.

Sama'ila ya zaro ɗan littafin sabis daga aljihun gaba, ya yi ta juya shafuka. Hatimi bayan hatimi da rubutun Jamusanci, har zuwa 1991. Daga nan fari fat. Ta bi ta Kwatano, ta zauna hannun wani a Kaduna, ta yi shekara uku wurin Alhaji, ba wanda ya ɗiga ko alƙalami. Malejin ma ya tsaya tun ba a san yaushe ba.

"Shekara bakwai ba labari," in ji Sama'ila. "To, mu ɗauka ba a yi mata komai ba."

Yini guda ya yi a kanta. Ya juye baƙin mai, ya canza filogi, ya zubar da man birki da ya koma kamar shayi, ya cire tiyon lagireto da ya fara kumbura. Da la'asar ya kira Mahadi, ya nuna masa wani baƙin murfi a gaban injin.

"Saura abu ɗaya. Bel ɗin taimin na cikin nan. Ba fanbel ba ne da in ya tsinke za ka ɗaura igiya ka lallaɓa gida. Shi ke tsara motsin bawul da fistin. Ya tsinke kana gudu, sai su yi karo, injin ya cinye kansa."

"To, duba shi mana."

"Na leƙa, bayansa sumul. Amma roba ce, Mahadi, ido ba ya gane shekarunta. In an canza shi a hannun Alhaji, sai ka ja abarka. In ba a canza ba, sai na aika Legas, motar ta yi sati uku a nan da cikinta a buɗe. Bari gobe in sa direbansa ya tambayo."

"A'a! Rufa mini asiri. Ni zan tambaya da kaina."

Abin da ya faɗo wa Mahadi a rai shi ne hanyar. Duk ranar da Alhaji zai shigo Gusau ta gaban garejin nan yake wucewa. Mutumin da ya ce motarsa ba ta buƙatar komai, ya waiga ya ga kyautarsa a kan duwatsu an zazzage mata ciki, kowa na kallo? Ai daidai yake da a tsaya a kasuwa a ce suruki ya ba da ruɓaɓɓen kaya.

Ranar Juma'a ya tafi Tsafe. Hafsatu na can wankan jego, amma ba ta bakinta zai tambaya ba. Haihuwar fari ce, gaisuwa ma daga bakin ƙofa yake yi, Inna, uwar Hafsatu, na zaune. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa gefen tabarmar Alhaji, ya jera gaisuwa kansa a ƙasa. Tun daga Kwatarkwashi yake shirya tambayar a bakinsa, ya sassaƙe ta, ya sa mata zuma.

"Yaya motar?" in ji Alhaji.

"Lafiya lau, Baba. Allah ya ƙara girma."

"Ba ta yi maka komi ba dai?"

"Ko kaɗan, Baba."

Ka ji mutum! An buɗe masa ƙofa har biyu ya ƙi shiga. Alhaji ya yi murmushi, ya juya wajen dattawan da ke zaune yana ba su labarin ranar da ya je Zariya da ita ya dawo kafin a sauke tukunya. Suka yi ta jinjina kai. Mahadi ya zauna yana cewa a ransa bari su tashi. Ba su tashi ba. Shi ya tashi.

Da safe Sama'ila na wanke hannu da kananzir ya ce, "Me ya ce?"

Da a ce Mahadi ya faɗa masa bai iya tambaya ba, iyakaci Sama'ila ya yi masa dariya. Dariyar ce bai so. Mutum da gemunsa, da ofis, da ɗa, ya je har Tsafe ya dawo da tambaya a baki?

"Ya ce an canza. Bara, a Kaduna."

Har da bara, har da Kaduna, don ƙaryar ta zauna daidai. Sama'ila bai ko ɗaga ido ba. Ya ce madalla, ya goge hannu, ya buɗe littafin nan a farin shafi ya rubuta duk abin da ya yi da kwanan wata. A ƙasa ya ƙara: bel ɗin taimin, an canza 1997. Ya sa hannu, ya rufe bonet.

Sati biyar motar na tafiya kamar ruwa. Mahadi ba ya wuce sittin, in ya ji wani ɗan ƙara sai gabansa ya faɗi. Sau biyu ya nufi garejin da niyyar faɗin gaskiya, sau biyu ya ɓuge da hirar wahalar mai.

Ran nan Alhaji ya shigo Gusau da amininsa Malam Abdu, za su ta'aziyya Nahuce. Ya ce a ajiye tasa motar, kewar jar yake yi. Ya zauna gaba, Malam Abdu ya lanƙwashe a baya. Suna fita gari, hanya ta miƙe tsakanin gonakin gero, Alhaji ya dubi allurar gudu ya yi tsaki.

"Ba bisa jaki kake ba, Mahadi. Taka ta!"

Wa zai ce wa suruki a'a? Ya taka. Ɗari, ɗari da ashirin, Alhaji na dariya yana dukan gwiwa. Suna shiga Bungudu aka ji ƙas, sai wani kwaram-kwaram kamar an zuba cokula a tukunya, sai shiru. Motar ta gangara da kanta ta tsaya daf da tasha.

Aka ba wani direban bas saƙo zuwa Gusau. Awa biyu suka yi a gindin mangwaro, mutane na kawo wa Alhaji benci da ruwa, direbobi na zagaya motar suna tambayar wa ke duba ta. Awa biyu cur, Mahadi na tsaye taku uku daga surukinsa, ya san abin da ya tsinke, ya san dalili. Ya buɗe baki sau ɗaya, abin da ya fito shi ne, "Baba, ko a samo maka fura?"

Sama'ila ya iso a kan babur da jakar sifanu. Ya kwance murfin nan, ya zaro bel ɗin gida biyu, haƙoransa sun zube. A bayan murfin akwai 'yar takarda manne da rubutun Jamus da shekara: 1990.

"Sama'ila," in ji Alhaji, da ƙarfi yadda duk tasha za ta ji, "ba kai ka duba motag ga ba?"

"Ni ne, Alhaji."

"To, mi ka duba?"

Malam Abdu, wanda zaman jira ya sa shi bincike a aljihun mota, ya miƙo littafin a buɗe. Alhaji ya sa tabarau ya karanta layin ƙarshe, ya sake karantawa.

"An canza bara? Bara motag ga tana hannuna, ba a canza komi ba! Wa ya hwaɗa maka haka?"

Sama'ila ya juyo ya dubi Mahadi. Ba harara ba ce, kallon mai jira ne kawai. Kalma huɗu ake nema, "Ni na faɗa masa," kuma wallahi sun zo wa Mahadi har baki. Sai ya hango hular Alhaji, ya hango Malam Abdu, ya tuna labarin zai riga shi isa Tsafe, har ɗakin Inna, har kunnen Hafsatu. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Ba wanda ya faɗa mini, Alhaji," in ji Sama'ila. "Zato na yi."

"Zato! Da rayukan mutane? Ka rubuta ƙarya ka sa hannu?" Alhaji ya jefar da littafin kan bonet. "Shekara goma ina ba ka amanar motocina. Allah ya sawwaƙe."

Aka samo wa su Alhaji tasi zuwa Nahuce. Da zai shiga, Alhaji ya dafa kafaɗar Mahadi ya ce kada ya damu, ba laifinsa ba ne, yaro ne mai gaskiya aka cuta. Wannan dafawar ta fi mari zafi. Akori-kura ta ja motar da igiya zuwa Gusau, Mahadi na riƙe da sitiyari, Sama'ila na biye a kan babur, Mahadi na ganinsa a madubi har gareji.

Kafin sati manyan motocin Alhaji sun koma wani gareji a Funtuwa. Direbobin layin Sakkwato suka ɗauke ƙafa, maganar ta bi tasha-tasha: Sama'ila rubutawa yake bai yi ba. Mahadi ya koma hawan acaɓa, yana sa a zagaya da shi ta bayan gari don kada ya bi gaban dalbejiyar nan. Abinci ba ya shiga. Kunya yake ji ta gaske, irin wadda ke sa mutum ya tsani jin ana kiran sunansa.

Bayan wata ɗaya da rabi aka aiko ya zo ya ɗauki motarsa. Ya tarar da garejin fayau, tsohuwar akori-kura ɗaya ce a kan rami. Jar motar na gefe, an wanke ta tas.

"Bawul takwas na canza, da bel, da abin da ke ɗaure shi," in ji Sama'ila. "Wannan karon da idona na gani."

Mahadi ya karɓi makullin. "Sama'ila, ban tambaye shi ba. Na je har gabansa na kasa."

"Na sani. Tun a Bungudu."

"Gobe zan tafi Tsafe. Wallahi zan faɗa masa komai, a gaban kowa."

Sama'ila ya daɗe yana goge yatsunsa da tsumma, ɗaya bayan ɗaya. Ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Ranar nan ce ranar faɗi, Mahadi. Yanzu in ka je, cewa za a yi aiki ya yanke mini, na roƙi abokina ya ɗauki laifina. Su ƙara maka girma, su ƙara mini ƙarya."

"To, me zan yi?"

"Ka riƙa juye mai a kan lokaci."

Ya ɗauki sifana ya sauka cikin ramin. Mahadi ya tsaya a rana da makulli a hannu, yana jin ƙarar ƙarfe daga ƙarƙashin akori-kurar, yana jira ko za a ƙara ce masa wani abu. Ba a ƙara ba.