Rairayin Bakin Mashigi

Shekara ashirin da shida Odile Chiasson ta yi tana auna ƙasan teku a gaɓar Cape Breton. Na'urar da ke manne a ƙarƙashin jirginsu takan watsa sauti ɗaruruwa lokaci guda, kamar an buɗe mahuci, ta saurari dawowar kowanne, ta rubuta zurfin a fayil. Sai dai kowace na'ura da tsarin rubutunta, manhajar yanzu kuwa ba ta karanta na da.

A bazarar nan jiragen masu kamun ƙaguwa uku suka goga ciki a mashigin tashar jiragen ruwan garinsu, a wurin da taswira ta ce ruwa ya wadata. Aka fita da sabuwar na'ura, aka tarar da tudun rairayi. Amma kafin a kawo injin yashewa sai an san ta inda rairayin ke tahowa, wannan kuma sai an kwatanta da tsohon awo.

Shugabanta, Fergus MacIsaac, ya dubi kwalin tsofaffin kaset ɗin da ta dire masa a tebur ya girgiza kai.

"Odile, ki raba kanki da wahala. Kamfanin da ya ƙera waccan na'urar ma ya rufe tuni. Wa zai buɗe miki waɗannan?"

"Ni na ɗauke su, maigida, ina yi ina amai a bokiti. Ba ni mako biyu."

Ta zauna da ɗanyun lambobin, ta shiga rubuta 'yar manhajar da za ta juya su zuwa sabon tsari. Gwajin farko ya nuna zurfin mashigin mita dubu huɗu. Fergus ya leƙo ya ce, "Barka, kin haƙa mana rijiya." Ta koma kan lambobinta. Akwai wani falalen dutse a gindin hasumiyar fitila, a zurfin mita bakwai da ɗigo huɗu, ta san ba ya motsi, shi ta riƙe ma'auni. A rana ta tara ta gano tsohuwar na'urar daga baya take jera lambobinta, kuma da santimita take awo. Ta gyara. Dutsen ya fito daram a mita bakwai da ɗigo huɗu.

Ranar taro a zauren masunta ta ɗora sabon awo a kan tsoho, kowa ya gani a bango: rairayin ya taso daga arewa, ya ci mita sittin cikin mashigin.

Wanta Ulysse, wanda jirginsa na cikin ukun da suka gogu, ya miƙe daga baya.

"Ai ni na daɗe ina faɗa, daga arewa ne!"

"Ka faɗa, Yaya, sannan ka je ka hau kansa," in ji Odile.

Zauren ya kece da dariya. Ulysse ya cire hularsa ya nuna ta da ita, ya juya ga jama'a.

"Ku dai kalle ta da kyau. Ƙanwata ce wannan, uwa ɗaya uba ɗaya."

Kafin kaka aka yashe gefen arewa. Ofisoshi biyu, ɗaya a Newfoundland ɗaya a Maine, suka rubuto suna roƙon manhajar, don su ma suna da irin kwalayen nan jibge a sito. Odile ta aika musu, haɗe da shafi uku na bayani, ta sa hannu da cikakken sunanta.